Sitaci Ma Jeme Shi Ake Yi

Fatar akuyar da aka feɗe da safe, in aka yar da ita a inuwa, kafin kwana biyu ta fara wari. In aka shanya ta a rana, sai ta bushe ƙamas ta sandare, ka lanƙwasa ta ta tsage. Ka jiƙa ta, ruɓa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ka jefa ta a tafasasshen ruwa, ta ƙanƙance, ta yi kauri, ta kama hanyar zama ganda. Duk kyan jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa kasuwannin Turai, baduku ba ya iya ɗinka ko kuben wuƙa da ita sai ta bi ta hannun majemi.

Majemi ba ya ƙara wa fata faɗi. In ya gama, fatar akuya ce dai, har ramukan gashinta suna nan. Abin da ya taɓa shi ne halinta: yadda za ta yi in ta haɗu da ruwa, in ta ji zafi, in ta daɗe a ajiye. Ya tsoma ta a ruwan toka gashi ya saki, ya kankare da kartaji, ya saka ta a ruwan kashin kaji ko na fataka ta yi laushi, ya wanke, ya nutsa ta a kwatarniyar bagaruwa, daga ƙarshe ya shafe ta da man gyaɗa ya yi ta murza da ja. Kowane mataki da cutar da yake magani.

Irin wannan aikin ake yi wa sitaci a masana'antu. Sitaci shi ne farin abin nan da ke kwantawa a gindin roba in an tace markaɗen gero ko masara ko rogo. Mu a gida mun san shi a gasarar koko, da ruwan da mai wanki ke tsoma shadda don ta tsaya. Amma wanda ke cikin yogot ɗin kanti, da mayonis, da miyar gwangwani, da ƙwayar magani, da takardar littafi, yawancinsa jemamme ne. An bi da shi ta cikin sinadarai, an wanke, an busar. In aka zuba maka shi a tafin hannu kusa da ɗanyen, ido ba ya raba su. Sai an dafa.

Tsiro yana adana abincinsa ne a wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayoyin sitacin shinkafa ƙanana ne masu kusurwa-kusurwa, faɗinsu maikiron 3 zuwa 8, alhali maikiron 1000 ne ke yin milimita guda. Na dankalin Turawa manya ne, wasu har sukan kai maikiron 100. Na rogo suna tsaka-tsaki. A cikin kowace ƙwaya akwai sarƙoƙin sukarin gulukos iri biyu a cushe. Amilos doguwa ce miƙaƙƙiya. Amilofektin kuwa mai rassa ce, reshe a kan reshe, kuma ita ce mafi rinjaye. A masarar da muka saba, amilos kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce. A rogo ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Kowane gulukos da ke jikin sarƙa yana da gurabe uku da masana ke kira haidiroksil, kuma su ne masu kamawa: ko su kama ruwa, ko su kama sarƙar da ke maƙwabtaka da su. Duk abin da za a yi wa sitaci da sinadari, a waɗannan guraben ake yin sa, ko a mahaɗar da ke tsakanin gulukos da gulukos.

Dubi mai dama koko. Ta gutsuro gasara ta dama da ruwan sanyi, ya zama tsararo fari. In ta bar shi minti kaɗan sai garin ya koma ƙasa, don ƙwayar sitaci ba ta narkewa a ruwan sanyi. Ta sheƙa tafasasshen ruwa tana juyawa da ludayi. Da zafin ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, sai riƙon da sarƙoƙin suka yi wa juna ya saki, ruwa ya afka cikin ƙwayoyin, su kumbura ninkin-ba-ninkin, su cika kwano suna gogar juna. Wannan cunkoson shi ne kaurin koko. Farin ya dushe, ya ɗan yi sheƙi. Amma kumburarriyar ƙwaya ba ta da ƙwari. A mayar da kokon kan wuta a yi ta burga shi, ƙwayoyin su farfashe, ya tsinke. A ƙara masa tsami yana kan wuta, ya ƙara tsinkewa, don tsami da zafi suna datse sarƙa. In kuma aka bar shi ya kwana, sai a tarar da safe ya daskare, ya yi ɓawo a sama, ruwa ya tsatso a gefe. Sarƙoƙin amilos ne suka sake jeruwa suka manne da juna, suka matso ruwan da ke tsakaninsu waje. Abin da ke sa tuwon jiya tauri ke nan, da burodin da ya daɗe ya riƙa marmashewa.

A gida babu wanda wannan ya dama. Koko da zafinsa ake sha, tuwon da ya kwana a yi ɗumame, wuta ta sake warware sarƙoƙin. Masana'anta ce ba ta da wannan sararin. Abincin gwangwani sai an dafa shi a digiri 121 don a kashe ƙwayoyin cuta. Yogot yana bi ta famfo da bututu da injin da ke matsa shi da ƙarfin gaske. Mayonis da miyar tumatirin kwalba cike suke da ruwan khal. Wani abincin kuma zai shiga firiza ya daskare, a ɗauke wuta ya narke, a dawo da ita ya sake daskarewa, sannan a so ya fito sumul bayan watanni. Ɗanyen sitaci ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kwatarniyar masana'anta tanki ce ta ƙarfe mai injin juyawa. A dama sitaci da ruwa, kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 gari, a ɗiga masa sodar yin sabulu don guraben nan su buɗe su karɓi baƙo, yadda toka ke buɗe fata. Zafin ba ya wuce digiri 50, kuma sau da yawa akan zuba wani gishiri, don kada ƙwayoyin su kumbura tun a tanki. In suka kumbura aiki ya ɓaci, tunda kunu ba ya tatuwa ya koma gari. Sai a zuba sinadarin da ake so, a jira, a kashe kaifin sodar da ɗan asid, a wanke, a tace, a busar.

Babban aikin majemi yana cikin bagaruwa. 'Ya'yanta da ake dakawa suna ɗauke da tanin, abin nan mai bauri, wanda ke kutsawa tsakanin zaruruwan fata ya kama wannan ya kama wancan, har su kasa zamewa daga juna. Ɗanyar fata tana ƙanƙancewa a ruwan da ya kai digiri 60 da 'yan kai. Wadda ta sha bagaruwa sai wajen 80. Wadda aka jeme da gishirin kurom, irin ta manyan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, tana jure tafasa. Sitaci ma akwai bagaruwarsa: sinadarai masu kamu biyu, su riƙe sarƙa ta nan su riƙe wata ta can. Waɗanda aka fi amfani da su a abinci su ne fosforos oksikulorayid, wanda Felton da Schopmeyer suka yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar hanyar ɗaure sitaci da shi a Amurka a 1943, da sodiyam tiraimetafosfet, da wani haɗi da ake yi da adifik asid. Ƙwayar da aka ɗaure haka tana shan ruwa ta kumbura, amma in ta kai wani matsayi sai ɗaurin ya tsayar da ita. Ba ta fashewa a tukunyar matsi, ba ta fashewa a famfo, tsami ba ya saurin cin ta. Har kamannin kunun yakan sauya. Ɗanyen sitacin rogo in aka dafa shi yauƙi gare shi, ka ɗaga cokali ya biyo ka yana jan zare, abin da ba mai so a yogot. Ɗaurarren kuwa yankewa yake yi tsaf, ya zauna daram a cokali.

Sai dai a nan kwatancin ya ɗan karkace, kuma a karkacewar abin mamakin yake. Bagaruwa da yawa fata ke sha, har ta sauya launi, ta ƙara nauyi, ka ji ƙanshinta a jikin takalmi. Sitacin abinci kuwa, yawanci ɗauri ɗaya ne a cikin gulukos 1000 ko fiye. Dokar Amurka ba ta yarda a zuba fosforos oksikulorayid fiye da kashi 0.1 cikin 100 ba, wato kilo ɗaya a tan guda. Abin da ya sa ɗan wannan ke isa shi ne girman amilofektin: guda ɗaya tana iya ƙunsar gulukos dubu ɗaruruwa har fiye, don haka ɗauri kaɗan ya isa ya haɗe ƙwaya gaba ɗaya. Majemi kan yanki gefen fata ya duba ko bagaruwa ta ratsa har tsakiya. Ma'aikacin masana'anta kuwa ɗibar samfur yake yi ya dafa a wata na'ura da ke zana layin kauri yayin da zafi ke hawa da sauka. Layin ɗanyen sitaci yakan yi tsalle sama sannan ya rikito. Na ɗaurarre yakan hau a hankali ya miƙe. In aka yawaita ɗauri kaurin ya ragu. In aka zarce, ƙwayar ta ƙi kumbura sam, ko an tafasa ta. Da irin wannan aka daɗe ana barbaɗa safar hannun likitocin tiyata, don yana shiga tukunyar turara kayan aiki ya fito yana gari. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana safa mai hoda daga farkon 2017, saboda kumburi da mannewar kayan ciki da hodar ke jawowa in ta faɗa cikin rauni.

Ɗauri yana maganin zafi da tsami da burgawa, amma ba ya maganin kwana. Fatar da ta fito daga bagaruwa, in aka bar ta ta bushe haka nan, tauri za ta yi, don da ruwa ya fita sai zaruruwa su manne. Shi ya sa majemi ke bin ta da mai, ya shiga tsakaninsu ya hana su haɗuwa. Man sitaci shi ne wasu ƙananan sinadarai da ake maƙala wa guraben haidiroksil, su yi kane-kane a jikin sarƙa, ta yadda in sarƙoƙi biyu suka zo jeruwa sai su kasa haɗa jiki. Mafi daɗewa shi ne asetil, ɗan gidan su ruwan khal. Tun 1865 wani Bafaranshe mai suna Paul Schützenberger ya maƙala shi a jikin sitaci. Ɗayan shi ne haidiroksifurofil. Nan ma ba yawa ake so ba. Iyakar asetil a sitacin abinci kashi 2.5 ne cikin 100, wanda ya kama kusan guda ɗaya ga kowane gulukos goma. Haidiroksifurofil kuwa kashi 7. Da wannan ɗan abin, sitacin yakan nuna a zafin da bai kai na da ba, kununsa ya yi garau maimakon hazo-hazo, ya huce bai daskare ba, ya shiga firiza ya fito bai zubar da ruwa ba. Man majemi zama kawai yake yi a tsakani, sabulu na iya fitar da shi. Na sitaci kuwa ya zama ɓangaren sarƙar. Duk da haka asetil yana tsoron kanwa. Abu mai kaifin kanwa yakan ɓalle shi, shi ya sa ake sa ido sosai a kan yawan soda lokacin maƙala shi. Haidiroksifurofil bai damu da wannan ba, kuma ya fi jure sanyi, sai dai ya fi tsada, ya fi buƙatar wanki.

Majemi ba ya barin bagaruwa don ya sami mai, haka ma yawancin sitacin abinci duka biyun ake yi masa. Juya robar yogot ko kwalbar mayonis ka karanta ƙananan rubutun. E1422 sitaci ne da aka ɗaure da adifik aka maƙala wa asetil. E1442 an ɗaure shi da fosfet an maƙala masa haidiroksifurofil. E1414 fosfet ne da asetil. E1412 ɗauri ne kaɗai.

Kuma ba kowace fata ce ke yin kowane aiki ba. Ta akuya daban, ta sa daban. Haka sitaci ma. A 1908 aka aika Amurka da wani irin masara daga Sin, wadda sitacinta kusan duka amilofektin ne, babu amilos ɗin da ke gaggawar daskarewa. Ta yi shekaru ana kallonta a matsayin abin nazari kawai. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta kama tsibirin Jawa a 1942, sitacin rogon da Amurka ke saye daga can ya yanke, nan aka tuna da ita aka shiga nomanta gadan-gadan. Har yau ita da rogo suna cikin waɗanda masu jimar sitacin abinci suka fi so.

Akwai kuma aikin ragewa. Ruwan kashin kaji ba ya ɗaure komai. Cinye wasu abubuwan da ke cushe tsakanin zaruruwa yake yi, fata ta saki jiki. In aka jiƙa sitaci a ruwan asid mai sauƙi, a zafin da bai kai na kumbura ba, asid ɗin yakan bi sassan ƙwayar da ba su da ƙwari ya daddatse sarƙoƙin. Ƙwayar tana nan a ido, amma da ta ji wuta sai ta watse. Da zafinsa ruwa-ruwa ne, ko an zuba gari da yawa. In ya huce kuma ya daskare da ƙarfi, don gajerun sarƙoƙi sun fi saurin jeruwa. Abin da mai yin alewa mai danƙo ke nema ke nan: a tsiyaya a mazubi, a ciro ta a tsaye. Masaƙu ma da irinsa suke shafe zaren tsaye don kada ya tsinke a inji. In aka ƙyale asid da zafi suka kai ƙarshe, sitacin yakan koma sukari ɗungurungum, abin da wani masani mai suna Kirchhoff ya gano a birnin San Fitasbag na Rasha a 1811. Bilicin wanki ma, a ƙayyadadden ma'auni, yana datse sarƙa ya bar mata wasu guraben masu korar juna. Sitacin ya yi fari fat, in ya bushe ya bar shimfiɗa mai sheƙi. Shi ne E1404, kuma masu yin takarda sun fi masu abinci sayensa.

Ƙwayar maganin da ka jefa a kofin ruwa ta tarwatse nan da nan, sau da yawa akwai sitacin dankalin Turawa a cikinta da aka ɗaure aka kuma maƙala wa abu mai tsananin son ruwa. Ya zuƙi ruwa ya kumbura, ɗaurin ya hana shi narkewa ya zama danƙo, sai ya tura ƙwayar ta fashe daga ciki. Har jijiyar mutum an kai jemammen sitaci. An yi shekaru ana ƙara wa wanda ya zubar da jini ruwan da aka haɗa da sitaci mai haidiroksi'etil, wanda maƙalin da ke jikinsa ke hana jini saurin narkar da shi. Manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2012 suka nuna yana illa ga ƙodar marasa lafiyan da ke cikin mawuyacin hali, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta dakatar da shi.

To, na cikin abinci fa? Wannan aiki dai bayan girbi ake yin sa, a kan gari. Ba ruwansa da sauya ƙwayoyin gadon shuka da ake ta muhawara a kai. Hanji yana narkar da mafi yawansa kamar kowane sitaci. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake bin iri 12, ba ta ga abin tsoro a yadda ake amfani da su ba. Amma wannan hukunci ya rataya ne a kan sinadaran da aka amince da su, a ma'aunin da aka yanka, da wankin kirki. A Taiwan a 2013 an kama sitacin da aka jeme da maleyik anhaidirayid, sinadarin da ba a yarda da shi a abinci ba. Ya shiga taliya da 'yan ƙwallayen rogon da ake zubawa a shayi, don kawai su ƙara danƙo a baki, sai da aka bi kasuwanni ana kwashe kaya.

Ni dai ruɗin da ke cikinsa ya fi damuna a kan maganar guba. Mun taso muna auna kindirmo da kaurinsa. Jemammen sitaci yana iya bai wa ruwa da 'yar madara kaɗan kaurin da ya fi na kindirmon gaske, mai santsi, wanda ba ya tsatsar ruwa. Uwar da ta saya wa ɗanta tana ganin nono ta ba shi, alhali kaurin na kunu ne. Wanda ya zuba ya rubuta a jikin roba ya fita haƙƙin mai saye; da wanda ya ɓoye nake. Gwajin kuwa ba shi da tsada: ɗigon aidin a cokalin yogot, a duba, a zubar. Madara zalla ba ta ɗaukar komai sai launin aidin ɗin. In da sitacin rogo ko masara, take ya koma shuɗi mai duhu; in na masarar nan marar amilos ne, ya yi ja-ja ko shunayya.

Akwai iri guda da ya shafi aljihun mutanen Sahel kai tsaye. Lemon kwalba da yawa yana ɗauke da ɗigon man ɓawon lemo, kuma mai ba ya zama cikin ruwa sai da mai shiga tsakani. Tun da daɗewa ƙaro ke wannan aiki, musamman na dakwara, wanda ake tsaga bishiya a tsinta a Kurdufan ta Sudan, da Chadi, da Borno da Yobe da Jigawa. Ƙaro yana da ɗan furotin a jikinsa mai kama mai, sauran jikin kuma yana kama ruwa. A 1953 Caldwell da Wurzburg suka yi rajistar hanyar da ke bai wa sitaci wannan fuska biyu: a maƙala masa wata 'yar wutsiya mai son mai, daga sinadarin oktenil saksinik anhaidirayid, wanda ba a yarda ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wutsiyar ta nutse a ɗigon mai, sarƙar ta tsaya a ruwa, ɗigon ya kasa haɗuwa da ɗan'uwansa. Shi ne E1450. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980, da ya sa ƙaro ya yi ƙaranci ya yi tsada, ya tura kamfanoni da dama gare shi, kuma wanda ya sauya tsarin haɗinsa ba lalle ya dawo ba don damina ta gyaru. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sake tayar da wannan lissafi. Abin da ke riƙe da ƙaro har yanzu, ban da ingancinsa, shi ne bishiya ce ta zubo shi, kuma masu saye a Turai da Amurka suna ƙara karkata ga abin da sinadari bai taɓa ba.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, kuma sitacinsa na cikin mafi dacewa da wannan aiki: ba shi da ɗanɗanon hatsi, furotin da man da ke cikinsa kaɗan ne, kununsa garau. Duk da haka jemammen sitacin da masana'antunmu ke zubawa a abinci da magani, yawancinsa ta jirgin ruwa yake zuwa. Tailan, wadda ke noman kusan rabin namu, ita ke kan gaba a duniya wajen fitar da sitacin rogo. Namu a garin kwaki da alabo da fufu yake tafiya, kuma ba abin raini ba ne, ciki ke ci. Cikas ɗin yana nan tun kafin a kai ga tanki. Saiwar rogo kusan kashi biyu cikin uku ruwa ce, sai an markaɗe tan huɗu zuwa biyar kafin a sami tan ɗaya na sitaci, kuma daga ranar da aka tono ta kwana biyu zuwa uku gare ta kafin baƙin zane ya fara bin cikinta. Ana buƙatar ruwa mai tsabta mai yawa na wanki, da wutar busarwa da ba ta yankewa, da garin da halinsa ba ya bambanta daga wannan buhu zuwa wancan, don mai auna ɗauri ɗaya cikin dubu ba ya iya aiki da sitacin da yau kaza gobe kaza. Masana'antun Tailan da yawa a tsakiyar gonakin suke, a lardin Nakhon Ratchasima da kewayensa. Mota ta ɗauko rogo daga gona ta sauke shi a bakin injin markaɗe, a ɗebi kwando guda a nutsa a ruwa a auna nauyinsa don a san yawan sitacin da ke ciki, a biya manomi gwargwadon abin da ma'auni ya nuna.